Daga turu zuwa allurar wata-wata: tarihin yadda aka riƙa masu taɓin hankali a yankinmu



Akwai wata kalma a Hausa da yaran birni da yawa ba su sani ba, amma tsofaffi sun san ta sarai: turu. Gungumen icce ne mai nauyi, a huda shi, a zura ƙafar mutum a ciki, a buga ƙarfe a toshe. Ɗan uwansa shi ne mari, ƙarfen da maƙeri ke ɗaura wa mutum a ƙafafu biyu. An san mari da bayi da masu laifi, amma in ka ji an ce turu, to hankalin kowa ga mahaukaci yake tafiya. Tunda harshe ya yi wa abu suna nasa, abin ya daɗe tare da mu ke nan. Kuma har yau bai tafi ba. Gungume ne dai ya koma sarƙa da kwaɗon kasuwa, a ɗakin ƙurya ko a gindin bedi a bayan gida, inda baƙo ba ya leƙawa.

Yau muna so mu bi sawun wannan sarƙar, mu ga wa ya taɓa kwance ta a nan Afirka ta Yamma, kuma da me ya kwance ta.

Kafin zuwan Nasara, nauyin wanda hankalinsa ya taɓu a wuyan dangi yake. A kai shi wajen malam a yi rubutun sha da tofi, a kai shi wajen boka a yi turare da jiƙo, ko a kai shi ga ƴan bori. A Maraɗi, inda Iya ke shugabantar bori daga gidan sarauta, kamar yadda Inna ke yi a Tsibiri, girka magani ce da ake ɗaukar kwanaki ana yi, da goge da ƙwarya da taron jama'a. Wata Bafaranshiya mai bincike, Jacqueline Monfouga-Nicolas, ta zauna a yankin Maraɗi ta yi nazarin abin, littafinta ya fito a 1972. Ba mun kawo zancen bori don mu wanke shi ba, kowa ya san hukuncin malamai a kansa. Abin da muke so a lura da shi guda ne: marar lafiya a tsakiyar mutane yake, ana dafa masa, ana kwana da shi, in an gama kuma yana da mutanen da zai koma cikinsu. Turu na wanda ya fi ƙarfin gida ne, mai duka, mai cinna wa rumbu wuta, mai shiga daji ya ɓata. Uwar da ta yarda aka sa ɗanta a turu, galibi tsoron rijiya ne ya sa ta.

A ɓangaren karatu kuwa, malamanmu na Malikiyya tun fil azal suna karantar da cewa wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. Ba a binsa bashin sallar da ta wuce shi yana cikin ciwo, ba a tsayar masa da haddi, sakinsa ba ya aukuwa, cinikinsa ba ya ƙulluwa. Gadonsa kuma yana nan cikakke: waliyyi ne ke riƙe masa, ya ciyar da shi ya tufatar da shi daga ciki, in ya warke a miƙa masa abinsa. Ƙasashen Musulmi sun gina asibitoci masu sashen masu taɓin hankali tun da wuri. Ahmad ɗan Tulun ya gina ɗaya a Masar wajajen shekara ta 872, Sarki Ƙalawun ya gina wani babba a Alƙahira a 1284. Can ɗin ma, a faɗi gaskiya, ana ɗaure masu faɗa. Amma akwai likita, akwai abinci, akwai wakafin da ke biya.

To mu tambayi kanmu: gonaki nawa ne a garuruwanmu aka raba ba a fitar da kason "wancan na ɗaki" ba? Hukuncin yana cikin littafi, kowa ya ji shi a wa'azi. Ranar rabo ne ake mantawa.

Da Faransa ta kafa mulkinta, abin da ya dami kumandan shi ne tsarin gari. Mahaukacin da ke zaune a ƙauye ba ruwansa da shi. Wanda ya tayar da hankali a kasuwa ko a bakin bariki, shi ne ake kamawa, a jefa gidan kaso tare da ɓarayi, ko a kulle a wani ɗan ɗaki mai ƙofar ƙarfe a bayan asibiti. A Senegal, wadda ita ce cibiyar mulkin da Nijar ke ƙarƙashinsa, sun yi abin da ya fi haka muni. Daga 1897 zuwa 1914 suna loda marasa lafiya a jirgin ruwa zuwa wani gidan mahaukata a Marsai, kudancin Faransa. Sama da mutum ɗari aka kai. Ku auna: mutumin da kansa ya riga ya rikice, ba ya jin komai sai yaren uwarsa, a sauke shi cikin sanyin da bai taɓa gani ba, ba tuwo, ba dangi, ba wanda zai tambaye shi ina ke ciwo ya gane amsar. Da yawansu can suka mutu cikin ƴan shekaru. Likitocin Faransa da kansu sun soki abin a wani taro da suka yi a Tunis a 1912, amma sai a 1938 gwamnatin mulkin mallaka ta sa hannu a takardar kafa sashen kula da masu taɓin hankali a Afirka ta Yamma. Shekara guda bayan haka yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, takarda ta zauna a cikin durowa.

Abin mamaki, a makarantunsu suna alfahari da likita Philippe Pinel, wanda aka ce shi ya kwance wa mahaukatan birnin Paris sarƙa a zamanin juyin juya halinsu. Har zane aka yi masa. Masu tarihi sun nuna cewa a asibitin Bicêtre wanda ya fara kwance sarƙar a 1797 mai gadin sashen ne, Jean-Baptiste Pussin, tsohon majemi wanda shi ma da jinya ya fara shiga gidan. Ku riƙe wannan, za mu sake haɗuwa da irinsa.

A wajen Ingilishi ma haka take. Sun buɗe gidan mahaukata a Yaba, cikin Legas, a 1907, suka kafa doka a 1916 wadda aikinta tsarewa ne. Wasu likitocinsu har rubutawa suka yi cewa baƙar fata ba ya ciwon damuwa, wai zuciyarsa ba ta kai nan ba.

Abubuwa biyu suka canja lissafi a shekarun 1950. Na farko magani. A 1952 likitoci a Paris suka gwada wata ƙwaya, wadda ake sayarwa da sunan Largactil, suka ga tana kwantar da mai jin muryoyi da mai fizge-fizge ba tare da an ɗaure shi ba. Haldol ya biyo baya, daga baya kuma aka samo allurar da ake yi sau ɗaya ta yi wa mutum wata guda. Na biyu kuwa wani ɗan Abekuta ne, Thomas Adeoye Lambo.

Lambo ya yi karatun likita a Ingila, ya dawo gida a 1954 aka ba shi asibitin Aro, kusa da garinsu. Ginin bai ƙare ba, marasa lafiya kuma ga su. Sai ya tafi wajen dattawan ƙauyukan da ke kewaye ya roƙe su su ba da hayar ɗakuna. Sharaɗinsa shi ne kowane marar lafiya ya zo da ɗan uwa guda, uwa ko ƴar uwa ko gwaggo, wadda za ta dafa masa, ta wanke masa, ta rako shi asibiti da safe ya karɓi magani, da yamma su koma masauki. Ma'aikatan jinya suna cikin ƙauyen dare da rana. Masu gidaje suna karɓar kuɗin haya, ƙauye ya samu ruwa mai tsabta da aikin yi, don haka ba wanda ya ga baƙin a matsayin kaya. Marar lafiya yana zuwa kasuwa, yana zama a inuwa da mutane, yana jin yarensa.

Ya kuma yi abin da ya ba abokan aikinsa Turawa haushi: ya jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki da su. Dalilinsa mai sauƙi ne. Mutane wajensu suke fara zuwa, kuma da su suka yarda. In ka kore su, marar lafiya ka kora. Abin da aka gani a Aro shi ne mutane suna saurin samun sauƙi, kuma komawa gida ba ta zama wahala, domin wadda ta yi jinyar ta ga yadda ake ba da magani, ta san alamun dawowar ciwo, kuma ita za ta gaya wa mutanen gari cewa ya warke, da bakinta. Binciken da Lambo ya yi da wasu masana daga Amurka a ƙasar Yarbawa ya rushe waccan magana ta cewa baƙar fata ba ya damuwa. A 1961 ya tara likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka a Abekuta, taro na farko irinsa, a 1973 kuma ya zama mataimakin babban daraktan hukumar lafiya ta duniya, OMS. Daga baya birni ya haɗiye ƙauyukan, tsarin ya yi rauni. Amma an riga an gani da ido cewa yana yiwuwa, kuma da ɗakin haya aka yi shi.

A Dakar, likitan soja Henri Collomb ya karɓi sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Fann a 1959, ya riƙe shi har 1978. Shi da abokin aikinsa ɗan ƙasa, Moussa Diop, suka buɗe ƙofofi. Suka shigo da zaman da Wolofawa ke kira penc, wato dandalin gari: marasa lafiya da danginsu da likitoci da masu shara a zauna a tabarma ɗaya, kowa ya faɗi abin da ke ransa, kusan kamar fadar shayi tamu, sai dai wannan da likita a ciki. Suka mayar da zuwan mai jinya ƙa'ida, ba a kwantar da mutum shi kaɗai. A 1974 aka buɗe ƙauyen jinya a Keniya, kusa da Ziginshor a kudancin Senegal. Ƙasar da aka riƙa kwashe marasa lafiyarta zuwa Marsai ita ce ta zama makarantar da likitocin ƙwaƙwalwa na ƙasashe renon Faransa suka riƙa zuwa koyo.

Mu dawo gida. A nan Nijar, in aka ce ciwon hauka sai a ce Pavillon E, sashen da ke babban asibitin ƙasa na Yamai. Sunan har ya zama abin zolaya a bakin samari, wanda ya yi wata magana marar kai sai a ce a kai shi can. Mu kam muna ganin ma'aikatan wannan sashe sun cancanci addu'a, domin shekaru da yawa su ƙalilan ne ke ɗauke da nauyin ƙasa guda. Yanzu akwai masu duba irin wannan ciwo a manyan asibitocin jihohi, amma tazarar tana nan. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600, daga Damagaram kusan 900. Ko asibitin jiha ne, mutumin ƙauye sai ya nemi motar da za ta yarda ta ɗauki mai fizge-fizge, ya biya kujerar ƙarti biyu masu riƙe shi, ya bar gona. A yi sa'a ya samu sauƙi a dawo. Bayan wata biyu magani ya ƙare, babu shi a kusa, damina ta kama, ciwo ya dawo. Sai a ɗauko sarƙa. Yawancin sarƙoƙin da ke gidajenmu ta wannan hanya suka shigo.

Inda babu asibiti kusa, wani ne zai cike gurbin. Mu mutanen bakin iyaka mun san yadda ake ƙetarawa da yaro "a kai shi wajen malam", musamman tun da tramol da wiwi da sholisho suka shiga cikin samari, aka daina bambance mai shaye-shaye da mai ciwo da mai taurin kai kawai. A watan Satumba na 2019 ƴan sanda suka fasa wani gidan mari a Rigasa, cikin Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Wata mai bi aka fasa wani a Daura. Iyaye ne suka kai su, suna biyan kuɗi, suna zaton gyara ake yi. A 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoton cewa ta samu shaidar ɗaure masu taɓin hankali a ƙasashe 60, a gidaje da wuraren addu'a na Musulmi da na Kirista da na gargajiya, har da asibitocin gwamnati. Akwai malamai na ƙwarai masu yin ruƙiyya su ce a wuce asibiti, kuma da irinsu Lambo zai yi aiki da yana nan. Amma duk wanda ya ce aljani yake duka alhali fatar ɗanka ce ke tsagewa, ku ɗauke ɗanku.

Akwai kuma waɗanda ko turu ba a sa su, mantawa da su ake yi: yaran da ƙwaƙwalwarsu ba ta girma daidai da shekarunsu ba. Mu ce dolo, mu ce gaɓo, in abin ya yi tsanani a ce ɗan ruwa ne, aljanu sun musanya shi. Tsofaffi sun san abin da ake yi wa ɗan ruwa a da, a kai shi bakin gulbi a juya baya. Alhali dalilan da yawa sanannu ne: doguwar naƙuda da ta hana jariri numfashi, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, rashin sinadarin iyod a abincin mai ciki, wanda shi ne kuma ke kawo maƙoƙo, da sanƙarau. Waɗanda suka ga annobar sanƙarau ta 1995 sun san yaran da suka tashi daga ita kurame, ko suka kasa komawa karatu. Rigakafin da aka fara yi a Nijar da Mali da Burkina Faso a 2010 ya karya nau'in da ya fi kashe mu a wancan lokaci, kuma ko ba a faɗa ba ya tsare ƙwaƙwalen yara masu yawa. Irin waɗannan yara suna koyon kiwo, suna koyon saƙa da ban ruwa in an bi su a hankali. Ƴan matan cikinsu su ne suka fi shiga haɗari, su da matan da ke yawo a tasha. Kowa ya taɓa ganin mahaukaciya da ciki, ba wanda ya taɓa ganin an kama mai cikin.

Mai farfaɗiya ma an jefa shi cikin wannan layi ba da haƙƙinsa ba. Farfaɗiya ba hauka ba ce, kuma yawun mai ita ba ya harbin kowa. Gudun da muke yi ne ke barinsa ya faɗa wuta. Gardénal, ƙwaya mai araha wadda ta fi shekara ɗari a duniya, tana tsayar da faɗuwar ga mutane da yawa in ana sha kullum.

Ta fuskar doka ba a bar mu a baya ba. Nijar ta yi dokar kare naƙasassu a 1993, ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, wadda ta haɗa da masu taɓin hankali da masu raunin ƙwaƙwalwa, ta sake yin wata doka a 2019. Najeriya sai a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokarta ta 1958. Ita kuma OMS tun 2008 take tura wani tsari mai kama da na Aro: a koya wa ma'aikacin jinya na ƙaramin asibiti, irin CSI ɗinmu, ya gane manyan cututtukan nan ya ba da magani, ba sai an jira ƙwararre daga babban birni ba. Tambayar da ya kamata mu riƙa yi wa magajin gari da ɗan majalisa ita ce ko maganin yana cikin kantin CSI na garinmu, kuma nawa ne. Dangi kuma su san abu biyu: maganin yana ɗaukar makonni kafin a ga aikinsa, kuma in ya sa wuya ya sandare ko yawu na zuba, akwai ƙwayar da ke warware wannan. A koma wajen wanda ya rubuta shi, kada a yanke sha.

Mun bar labarin mutum guda a ƙarshe domin shi ba likita ba ne, kamar Pussin. Grégoire Ahongbonon ɗan ƙasar Benin ne, mai facin taya a Buwake ta Kodebuwa. Ya yi kuɗi da motocin haya, ya karye, har ya yi tunanin kashe kansa. Wajajen 1990 ya tsaya ya dubi wani mutum tsirara yana tonon bola, irin wanda dukanmu muke wucewa kullum. Shi da matarsa suka fara kai wa irinsu abinci da ruwa da dare. Daga nan ya gano na cikin ƙauyuka, waɗanda ke ɗaure a gindin itatuwa shekara da shekaru. Ƙungiyarsa ta Saint Camille yanzu tana da cibiyoyi a Kodebuwa da Benin da Togo.

Yadda yake yi shi ne abin koyo. Ba ya zuwa da faɗa. Yana zama da dangi har su yarda, sannan a kawo zarto ko guduma a yanke ƙarfen, a yi wa mutum wanka da aski, a sa masa tufa, a tafi da shi. Wanda ya daɗe a turu ƙafarsa takan shanye, wani sai an koya masa tafiya. In ya natsu a koya masa saƙa ko noma ko gashin burodi, a mayar da shi gida, a haɗa shi da wurin da zai riƙa karɓar maganinsa kowane wata a kusa. Sarƙoƙin da ya yanke yana tara su, yana zuwa da su taro ya zube a gaban manya. Da yawa daga masu dafa abinci da masu jinya a cibiyoyin nan tsofaffin marasa lafiya ne, wasunsu da tabon ƙarfe a idon sawu, su ne ke karɓar sabon zuwa a bakin ƙofa.